Haɓo Ba Jini

Shekarar da aka yi mini aikin mafitsara Turawa ba su naɗe tabarmarsu ba tukuna, ni kuwa ina limancin ɗan masallacin unguwarmu a Sabon Birni. Ba wani babban masallaci ba ne, ginin ƙasa ne mai cin sahu uku in an matsa. Mahaifina ya ja salla a cikinsa har ya koma ga Allah, na gaje shi. Da rani nakan taɓa fatauci, in kai goro ƙasar Faransi, can tsallaken iyaka a arewa da mu, in dawo da kanwa, amma da ka tare ni a hanya ka ce wane ne kai, liman za ni ce maka kafin in ce falke. Ina son limancin nan, ba na ɓoyewa. Ina son in ji na yi kabbara mutum talatin sun amsa a bayana.

Ciwon a hankali ya faro. Bawali ya dinga yi mini rowa, in tsuguna in yi ta jira, ya ɗan zo ya tsaya kamar mai shawara. Na sha saiwoyi, na sha rubutun da na rubuta da hannuna. Ran nan da tsakar bazara sai ya ɗaure gaba ɗaya. Marata ta cika ta yi tauri, na yi birgima a tsakar gida ina kiran sunayen Allah, wasu ma sau biyu. Aka kwantar da ni a bayan motar hatsi aka kai ni Isa, inda En'e take da disfensare.

Diresan da ke wurin, wato mai duba marasa lafiya, Bayarabe ne, gajere mai tumbi, ya daɗe a ƙasarmu har Gobiranci ya zauna a bakinsa. Kowa ya san tsakanin Bagobiri da Bayarabe wasa ne, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawa. Yana ganin zanen fuskata ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi, yau bawana ya zo hannu."

Ina nishi na ce, "Yi aikinka, bawa, ubangijinka na kwance."

Ya ɗauko wata 'yar siririyar roba. Da na fahimci inda zai sa ta sai na yunƙura za ni tashi. Ya danne ni da hannu ɗaya ya ce, "Wanda anka tsaga ma huska shida nan, bakwai nan, shi ka tsoron 'yar roba?" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na rufe ido na bar shi. Da ruwan ya samu hanya, wallahi na ji daɗin da ban taɓa ji ba, har na sa masa albarka, abin da ban taɓa zaton za ni yi wa Bayarabe ba.

Shi ya rubuta mini takarda zuwa babban asibitin lardi. A can wani likita Bature ya yi mini bayani ta bakin tafinta, ya ce akwai wani nama a ƙasan mafitsarar namiji, in shekaru suka ja yakan kumbura ya tare hanya. Ya ce ba zai tsaga ciki ba. Ta hanyar da bawalin ke bi zai shiga da wani siririn ƙarfe ya rage naman. Suka yi mini allura a gadon baya, rabin jikina ya zama ba nawa ba, suka yi abinsu ina kallon rufi. Bayan 'yan kwanaki aka sallame ni da roba a jiki, aka ce diresan Isa zai cire.

Da ya cire ya zaunar da ni ya jero mini dokoki. Kwana arba'in ba hawan doki, ba jaki, ba keke. Ba ɗaukar kaya. In sha ruwa da yawa ko ba na jin ƙishi. Sannan ya rage murya ya ce zai riƙa ɗiga, in na yi tari ko na miƙe daga zaune, wata ɗaya ko biyu, daga baya ya tsaya.

"Ka riƙa matse jikinka kana saki, awa wanda iska tam matsa gaban surukinai. Kullum, sahe da marece."

Na ce masa mu Gobirawa ba mu san wannan matsuwar ba, sai dai ya koya mini tun da su suka saba. Na yi dariya a gabansa, amma a hanya raina ya ɓaci. Da bawalin ya ƙi fita, yanzu ya ƙi zama. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sai da kare an sayi biri.

Na dawo gida 'yan dubiya suka cika zaure. Ciwon ciki aka ce musu, don haka na ce a faɗa. A garinmu kuwa wanda ya je asibitin Turawa ya dawo, ɗinki ake zuwa gani. Kowa ya gaishe ni sai ya tsura wa cikina ido. Da suka dame ni na ɗaga riga. Fata sumul, ko ƙwarzane babu. Aka yi ta salati ana cewa Bature da hikima yake, wasu kuma suka ce ai dama ciwon bai kai a kai ni ba. Ko ta wace hanya dai, aka yanke cewa liman ya warke sarai.

Na'ibina shi ya fi kowa murna. Manomi ne mutumin Tsamaye, dogo mai kunya, yana da karatu amma in ya tsaya gaban mutane muryarsa rawa take. Kwana na biyar da dawowata ya zo ya durƙusa ya ce, "Allah shi gahwarta Malam, ga amanarka. Ni na gaji da rawar murya." Da na ce masa ya ƙara riƙewa da ya riƙe, ba zai ko tambayi dalili ba. Girman kai ne ya hana ni. Na ce a raina in na bar wurin nan wata biyu, kunnen mutane zai saba da wata murya.

Hukuncin kuwa na san shi, ni nake karantar da shi a zaure. Ɗigon da ke zuwa jefi-jefi yana warware alwala. Liman in alwalarsa ta warware yana cikin salla, ba ya ƙara ko harafi ɗaya. Sai ya jawo na bayansa ya shige gaba, shi ya fita. Malamai kuma suka bar mana wata dabara ta rufin asiri: ya kama hancinsa ya duƙar da kai kamar wanda haɓo ya zubo wa, don kada kowa ya yi masa wani zato. Na naɗa tsumma a cikin wando, na yi alwala, na shiga gaba da Azahar.

Raka'a ta biyu, ina tasowa daga sujada, na ji shi. Ɗigo ɗaya, mai ɗumi. Na kama hanci, na miƙa hannu baya na jawo na'ibi, na ratsa sahu na fita. Lafiya lau, ba wanda ya ɗaga kai. Ina sake alwala a waje ina yi wa malaman da suka ƙago wannan dabara addu'a.

Abin da ban lissafa ba shi ne dabarar nan an yi ta ne don abin da ke samun mutum sau ɗaya a shekara. Ni kuwa a mako guda na kama hanci sau tara.

Na'ibi ya fara tambaya. "Malam, mi yas samu hancin? Haɓo na?" Na ce, "Uhm." Na lallashi kaina cewa uhm ba ƙarya ba ce, gyaran murya ce. Kafin Juma'a ta zagayo unguwa duka ta san liman yana fama da haɓo, kuma kowa ya san dalili: zafin bazara ne ya haɗu da allurar Turawa.

Sai magani ya fara zuwa. Wata tsohuwa ta aiko a jiƙa ƙasar bango in riƙa shaƙa. Wani Bafillace mai kawo mana nono daga Kurawa ya zo da man shanu, ya tsaya sai da ya ga an ɗiga mini a hanci an shafa a tsakar ka. Wani abokin fataucina ya ba ni man zafi a ɗan gwangwani daga ƙasar Faransi, na shafa sau ɗaya na yi atishawa bakwai, kowace atishawa kuwa da abin da take jawowa. Na karɓi kowane magani da godiya. Mai ɗakina tana tsaye tana kallo. Ita ke wanke tsummokaran, tana shanya su a bayan rumbu inda ido ba ya kaiwa, don haka ba abin da na sani da ita ba ta sani ba.

Ta ce, "Malam, gari dut na maganin bisa, ciwo kau shina ƙasa."

Na ce ta yi mini shiru. Ta ce ita dama shiru take, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Wanda ya fi ɗaukar abin da zafi shi ne wanzamin unguwa. Sa'ana ne, tare muka yi karatun allo, kuma a sahun farko yake tsayawa, dab da bayana. Wani mai ido ya lura cewa duk haɓon nan ba a taɓa ganin jini a rigar liman ba. Kafin in buɗe baki wanzami ya karɓe zancen.

"Wanga ciki shika zuba, shi am mugu. Jini ya yi mai yawa ga kai. Sai an jaye shi."

Washegari da hantsi ya zo da zabirarsa. Na ce na ji sauƙi. Ya ce marar lafiya ba ya yi wa kansa shaida. A gaban mutum shida ya aske mini ƙeya, ya kafa ƙaho huɗu, ya tsattsaga, ya zuƙe. Ina zaune ina kallon jinina mai kyau, wanda bai yi wa kowa laifi ba, ana juye shi a kasko ana cewa ku duba baƙinsa. Na yi godiya, har na ce na ji kaina ya yi sakayau.

Ni ma na yi nawa wautar. Na ce tun da ruwa ke fita, bari in hana shi shiga. Na daina shan ruwa tun daga hantsi, a bazarar Gobir. Ɗigon bai tsaya ba, sai ma ya ƙaru da raɗaɗi, ya koma ja kamar jiƙon kanwa.

Diresan yakan zo garinmu ranar kasuwa a kan kekensa da akwatin magani. Ya biyo ya duba ni, muka shiga ɗaki mu biyu. Na faɗa masa zancen ruwan, ya yi mini faɗa kamar ya samu ɗansa. Da na juya za ni ɗauko masa buta sai ya ga ƙeyata.

"Wanga hwa?"

Ba yadda za ni yi, na ba shi labari. Mutumin nan ya yi dariya har ya zame daga kan kujera ya zauna a ƙasa, yana share hawaye da hularsa. Ya ce shekararsa goma sha wani abu a ƙasar Gobir yana neman labarin da zai kai gida, yau ya samu. Amma da ya natsu sai ya ce, "Bawana, bar ma wani sallar nan wata biyu. Jikinka na warkewa, kai ka hana shi." Na ce ya tsaya ga robarsa, masallaci ba nasa ba ne. Ya ce to. Ga shi da bakin tsiya, amma ko mutum ɗaya bai faɗa wa ba, na shaide shi a kan wannan.

Na koma shan ruwa, haɓo ya ci gaba. Wanzami ya ga ƙahonsa bai ci ba, abin ya taɓa masa mutunci. Ran wata Talata bayan Azahar ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi shela cewa in hancin liman ya sake zuba ko sau ɗaya, to sai lalas, wato ya gasa ƙarfe ya ɗora mini a goshi. Jama'a suka ce madalla, haka ya kamata.

Da La'asar ɗin ranar na shiga gaba ina matse jiki kamar yadda Bayarabe ya koya mini. Raka'a ta ɗaya lafiya, ta biyu lafiya, ta uku lafiya. Na yi sujadar ƙarshe, na zauna tahiya, saura kalmomi kaɗan in sallame. Sai tari ya taso mini. Na danne, ya ƙi. Na yi shi ɗan ƙarami, na ji ɗumin nan.

Hannuna ya taso zai kama hanci. Ina jin numfashin wanzami a bayana. Na tuna ƙarfe a wuta, na tuna sau nawa na ratsa sahun nan ana bina da sannu. Na ce a raina saura ƙiris. Na mai da hannuna kan cinya, na ƙarasa, na yi sallama. Mutum ashirin da wani abu suka sallame a bayana.

Har addu'a na yi musu, suka shafa. Wanzami ya leƙa hancina ya ce, "Kun gani? Tsoron ƙarhe ma magani na."

Na shiga gida. Na san abin da na yi. Liman in ya manta ba shi da alwala, sallar na bayansa ta yi. In kuwa yana sane ya ci gaba, ya ɓata tasa ya ɓata tasu. Mutanen nan sun baro gyaran gona da rumfunan kasuwa, sun tsaya a bayana don sun yarda da ni, sun tafi suna zaton sun sauke farali, alhali ba su sauke komai ba. Duk abin da ya wuce wasa ne, jinina ne da hancina. Wannan kuwa sallar mutane ce. Ban taɓa jin tsoron Allah da kunyar kaina irin na wannan yammacin ba.

Mai ɗakina ta kawo fura ta ajiye, ta ga ban taɓa ba. Na faɗa mata. Ina jiran ta yi mini irin maganarta, sai ba ta yi ba. Ta ɗaga kai ta dubi rana a kan katanga.

"Ba ta hwaɗi ba tukuna, Malam. Tashi."

Na sake tsarki, na sake wando, na fita. Rabin jama'ar suna nan zaune a gindin bishiyar bedi a ƙofar masallaci, sauran na sa ladan ya bi su gida gida. Suka taru suna tambayar ko rasuwa aka yi. Na tsaya a gabansu.

Na ce, "Jama'a, La'asar da nij ja muku ba ta yi ba. Alwallata ta warware cikin tahiya, ina sane, nis sallame. Ku sake ta tun rana ba ta hwaɗi ba. Laihin bisa wuyana shike." Na ce tun da na fara bari in ƙarasa. "Hancina kau lahiya lau shike. Tun da anka haihe ni ban taɓa haɓo ba. Aikin da anka yi min na mahitsara na, bawali ka ɗigo min. Kunya ta hana ni hwaɗi."

Sai wanzami ya ce, a hankali, kamar mai magana da kansa, "Ashe ƙahona huɗu sun tahi banza."

Wani ya tuntsure, sauran suka bi. Ni ma na yi dariyar, hawaye na zuba. Na'ibi bai yi dariya ba. Ya miƙe ya ce, "Ku tada sahu, rana na tahiya," kuma ran nan ko kaɗan muryarsa ba ta yi rawa ba.

Wata biyu na yi ban ja salla ba. Ɗigon ya ƙafe kafin gero ya fid da kai, kamar yadda Bayaraben ya ce, jama'a kuma suka mai da ni gaba da kansu. Amma wannan La'asar ta biyu ita ce ta zauna mini a rai.

Da aka shiga sake sallar ran nan sai na rasa inda za ni tsaya. Tun ina saurayi ban yi salla a sahun baya na masallacin nan ba. Ina tsaye ina dube-dube, sai na ji an ja mini riga. Wani tsoho ne, abokin mahaifina, wanda kullum yake tsayawa a ƙarshen sahun baya, bakin ƙofa, shi da wasu dattawa biyu. Ya matsa ya buɗe mini wuri.

"Taho nan, Liman. Nan ad daidai da mu." Ya rage murya. "Ni shekarata bakwai da shi. Wanga huɗu. Wancan bai ƙidaya ba."

Na dube su su uku. Su ne waɗanda da an sallame sai su fice, ba su taɓa tsayawa addu'a ba. Sau nawa na yi wa'azi a kan masu gudun addu'a kamar ana korarsu, ina yi ina kallon wannan kusurwa. Sau nawa na zaɓi doguwar sura da Asuba don in ji daɗin muryata, suna nan a tsaye suna cije baki. Ba wanda ya taɓa ce mini uffan a cikinsu.

Na'ibi ya yi sallama. Mu huɗu muka miƙe tare muka fita, ana addu'a a bayanmu. A bayan katangar masallaci ga butoci uku a jere, cike da ruwa, an tanade su tun kafin salla. Tsohon ya turo mini tasa da ƙafa ya ce in fara.

"In ka warke ka koma gaba, Liman, ka tuna muna nan baya."

Na ce masa to. Na sunkuci butar, don ni ma ina sauri.